Yadda Ake Feɗe Rubutacciyar Waƙa: Zubi, Amsa-amo da Kari

Na sha ganin ɗalibi ya ɗauki baitin waƙa ya zauna shiru, baki a rufe, yana bin baƙaƙe da bakin biro. Ya gama ya ɗago kai ya ce waƙar ta karye. Sai in ce masa, "Malam, rera mana ita tukuna." Yana buɗe baki sai ga ta tana tafiya sumul, ko tuntuɓe babu. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali da gajere, alhali ma'aunin waƙar Hausa gaba ɗayansa a kan wannan bambanci ya tsaya. Marubucin waƙa a ransa yake rera ta kafin ta hau takarda, saboda haka mai feɗe ta sai ya maido da ita baki.

Don kada mu yi ta magana a iska, ga baituka uku da na tsara domin wannan aiki. Da su za mu gwada kowane mataki:

Manomi yana can cikin gonaki,
Gumi na zuba har ya wanke jiki.

Hatsi ba shi nuna a rana guda,
Yana son ruwa, ga jiran kwanaki.

Da kaka ta zo, rumbuna sun cika,
Mutanen gida babu kukan ciki.

Mataki na 1: Rera ta, ka kuma tabbatar da abin da ke hannunka

Karanta waƙar da ƙarfi daga farko har ƙarshe, aƙalla sau uku. Na farko don ka san abin da take cewa, na biyu don kunnenka ya kama tafiyarta, na uku kana buga tafi ko kana ƙwanƙwasa tebur. In akwai faifan da marubucin ya rera ta da bakinsa, nemo shi ko da wahala. In tsohuwar waƙa ce mai asali da ajami, kofen ajamin ya fi na boko amfani nesa ba kusa ba, domin ajami yakan nuna jan wasali da alifi da wawu da ya. Masu buga littafi da masu kwafa a intanet kuma sukan zubar da kalma ko su "gyara" ta, su mai da *yai* ta koma *ya yi*, su ƙara gaɓar da marubucin bai sa ba. Kafin ka zargi mai waƙa, zargi mai kwafa.

Mataki na 2: Zubi da tsari

Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango, tarin ɗangaye da ke tafiya tare shi ne baiti. Ƙirga ɗangayen kowane baiti. Mai ɗango ɗaya gwauruwa ce, mai biyu 'yar tagwai ko ƙwar biyu, sai ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Tamu ƙwar biyu ce. Ƙirga baitukan su ma, ka duba ko akwai amshi da ake maimaitawa.

Sai ka leƙa ƙofar shiga da ta fita. Waƙoƙin malamai sukan buɗe da ambaton Allah da salatin Annabi, su rufe da godiya da addu'a. A ƙarshen ne marubuci yakan faɗi sunansa, ko yawan baitukansa, ko shekarar da ya gama. Shekarar wani lokaci a ɓoye take cikin ramzi, wato kalmar da kowane baƙinta ke da lamba. A lissafin Magaribi da malamanmu ke bi, shinun 1000 ne, ra 200, fa 80. In ka ga marubuci ya ce ramzinsa *sharafu*, ka haɗa su ka sami 1280 ta Hijira.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a nan. Ba kowace ƙwar biyar ba ce tahamisi. Tahamisi shi ne wani ya ɗauki waƙa mai ɗango biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, su zama biyar. In biyu ya ɗora suka zama huɗu, tarbi'i ke nan. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu tahamisi ce da aka yi wa waƙar Alfazazi. Haka *Tabban Haƙiƙa*: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Ga yadda abin yake idan aka yi wa baitinmu na biyu:

Ka bar kwanciya, ɗan'uwa, bar gida,
Ka je can ga gona da ƙarfe shida,
Da aiki da naci ake yin wada,
Hatsi ba shi nuna a rana guda,
Yana son ruwa, ga jiran kwanaki.

Ukun farko baƙi ne, biyun ƙarshe 'yan gida. Dubi yadda baƙin suka bi sautin *da* na ɗangon da suka tarar, suka kuma bi karinsa, wato ma'aunin da yake tafiya a kai. Mai feɗe tahamisi ya kamata ya rufe ukun farko da hannu ya karanta biyun ƙarshe su kaɗai, ya ga ko suna tsayuwa da ƙafarsu.

Mataki na 3: Amsa-amo

Amsa-amo, wanda malamai ke kira ƙafiya, shi ne sautin da ɗangaye ke ƙarewa da shi. Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowane ɗango. A tamu za ka sami *ki, ki*, sai *da, ki*, sai *ka, ki*. Wanda ke dawowa a ƙarshen kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta shi ne babban amsa-amo, ko amsa-amon waje. Namu *ki* ne. Wanda ke cikin baiti, yana sauyawa daga baiti zuwa baiti, shi ne ƙaramin amsa-amo, ko na ciki, kamar *da* ɗin da ke cikin tahamisin can. A baitin farko ɗangayen biyu duka sun ɗauki *ki*. Wannan tsohuwar al'ada ce da aka gada daga ƙasidun Larabci: a buɗe waƙa da sanar da kunne ƙafiyar da zai riƙa jira.

Amsa-amon da ya cika shi ne wanda baƙi da wasali suka zo tare. *Guda* da *cika* duk da wasalin *a* suka ƙare, amma *da* daban, *ka* daban. Wasu marubuta sukan wadatu da wasali kaɗai, kuma in haka mutum ya ɗauko tun daga farko sai ka rubuta cewa tsarinsa ke nan. Amma ka kula da baƙaƙe masu lanƙwasa. *Gida* da *gyaɗa* ba su amsa juna cikakkiyar amsa ba, haka *jiki* da *zaƙi*, ko da wanda ya buga waƙar a waya ya rubuta su da baƙi iri ɗaya.

Akwai wani amsa-amon da ido ba ya gani sam, kuma ni shi ya fi burge ni. Farfesa Ɗalhatu Muhammad ne ya jawo hankalin manazarta gare shi, wato amsa-amon kari. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa sama, ko ta sauka ƙasa, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Gwanayen marubuta sukan sa ƙarshen baitukansu ya dace har a wannan hawa da sauka, sau da yawa da kunne kawai. Furta *gonaki*, *jiki*, *kwanaki* a hankali: muryarka tana ƙasa, sai ta hau a gaɓar ƙarshe. Yanzu furta *ciki* na "kukan ciki": daga sama ta fara, ta sauka a ƙarshe. Ashe a baiti na uku amsa-amon harafi ya tsaya, na kari ya kauce. Irin wannan ne ke sa mai sauraro ya ce "wurin nan bai zauna ba" ya kasa faɗin dalili. Aikin mai nazari ne ya faɗi dalilin.

Mataki na 4: Yanka gaɓoɓi

Nan aikin yake, kuma nan ake zamewa. Kada ka yi gaggawa.

Gaɓar Hausa iri biyu ce ta fuskar nauyi. Mara nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar *ci* a *cika*. Ana yi mata alamar v. Mai nauyi kuwa ko dai baƙi da dogon wasali (*raa* a *rana*), ko baƙi da tagwan wasali (*kai*, *sau*), ko baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe ta (*can*, *har*, *rum*). Alamarta –.

Sake rubuta ɗangon gaɓa-gaɓa, kana ninka duk wasalin da bakinka ya ja. Ga abubuwan da za su tsare ka daga kuskure:

Ka yarda da bakinka fiye da takarda. *Gari* na zama da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko *ga-rii* ne, na biyu *gaa-rii*. Haka *baƙi* na launi da *baƙi* masu zuwa gida, haka *dafa* abinci da *dafa* kafaɗa. Ma'anar jimla ce za ta gaya maka wanne ake nufi, shi ya sa fahimtar waƙar ta riga auna ta.

*Sh*, *ts*, *ky*, *gw*, *ƙw*, *'y* da ire-irensu baƙi ɗaya-ɗaya ne, kada ka raba su. Amma baƙi mai ƙarfi kamar na *babba* gida biyu ake raba shi: *bab-ba*.

Wasalin *e* da *o* in suka zo a tsakiyar kalma a gaɓar da ba a rufe ba, dogaye ne: *noo-maa*, *gee-roo*, *goo-naa*. Wannan kaɗai zai rage maka rabin shakka.

Ƙananan kalmomi su suka fi cin mutum. A "Audu ya zo" *yaa* ne dogo, a "Audu ne ya zo" *ya* ne gajere. Aikatau ma yakan sauya: a "na kama" ƙarshen dogo ne, a "na kama akuya" ya gajarce.

Gaɓar ƙarshe ta ɗango ana ɗaukarta mai nauyi ko da gajeriya ce, domin murya tana tsayawa a kanta.

To, mu yanka ɗangon farko:

ma noo mii ya naa can ci kin goo na kii
v – – v – – v – – v –

Sai na uku:

ha tsii baa shi nuu naa a raa naa gu daa
v – – v – – v – – v –

Ka lura da abin da ya faru a nan. A maganar yau da kullum a Kano "hatsi ba ya nuna" za a ce. Amma *yaa* ɗin "ba ya" dogo ne, da ya shigo da gaɓa ta huɗu ta yi nauyi, tafiyar ta gurgunce. *Shi* gajere ne, shi ya sa ya sami wurin. Idan ka ga marubuci ya ɗauko kalmar wani karin harshe, ko ya taƙaita *ya yi* zuwa *yai*, ko ya ce *dukan* a maimakon *dukkan*, tambayi kanka ko kari ne ya tilasta masa. Galibi shi ne.

Yi wa ɗangaye goma ko fiye haka, ka jera alamominsu wani a ƙarƙashin wani, kamar lissafin tarawa. Ɗango ɗaya ba ya isa a yanke hukunci.

Mataki na 5: Gano ƙafa da bahari

Yanzu dubi jerin alamomin ka nemi abin da ke maimaita kansa. A tamu a fili yake: v – – sau uku, sai v – a ƙarshe. Wannan gungu mai maimaituwa shi ne ƙafa. Yanka da sanda:

ma noo mii / ya naa can / ci kin goo / na kii

Ƙafa ba ruwanta da iyakar kalma. Ka ga *gonaki* ta rabu, kanta a ƙafa ta uku, sauranta a ta huɗu.

Sunayen ƙafafun daga ilmin aruli aka aro su, wato ilmin auna waƙoƙin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Ya fitar da bahari 15 (bahari shi ne tsarin jera ƙafafu a ɗango), daga baya wani malami mai suna Ahfash ya ƙara na 16, wato Mutadarak. Malamanmu da suka taso da ƙasidun Larabci a kunne suka zuba Hausa a cikin waɗannan ma'aunai, ta kuwa zauna, domin harsunan biyu duk suna bambanta gaɓa mai nauyi da mara nauyi. Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi bayanin wannan haɗuwa a 1975, ya kira ta aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa. Hanya mafi sauƙi ta haddace ƙafafun ita ce ka ba kowace kalmar Hausa da ta yi daidai da ita:

Fa'uulun (v – –): *manomi*
Faa'ilun (– v –): *damina*
Mafaa'iilun (v – – –): *ruwan rafi*
Mustaf'ilun (– – v –): *rana guda*
Faa'ilaatun (– v – –): *damina ce*
Mutafaa'ilun (v v – v –): *haƙurin gida*
Mufaa'alatun (v – v v –): *gidan haƙuri*

Maimaita Fa'uulun shi ne Mutaƙarab, kuma shi ne baharin waƙarmu. Maimaita Faa'ilun Mutadarak ne, Mutafaa'ilun Kamil, Mustaf'ilun Rajaz, Faa'ilaatun Ramal. Wafir yakan zo da Mufaa'alatun biyu da Fa'uulun. Wasu kuma ƙafa biyu suke cakuɗawa: Ɗawil yana jera Fa'uulun da Mafaa'iilun, Basiɗ yana jera Mustaf'ilun da Faa'ilun. Rera ɗangon, sannan ka rera sunayen ƙafafun da murya iri ɗaya: *fa'uulun fa'uulun fa'uulun fa'al*. In sun hau juna kamar murfi da tukunya, ka samu.

Mataki na 6: Raba zihafi da illa da karaya

Da wuya ka sami waƙar da kowace ƙafarta ta fito cif. Kaucewar iri uku ce, kuma rashin rarrabe su ne ke sa a yi wa marubuta ƙazafi.

Zihafi ɗan sassauci ne da aka yarda da shi, ya zo a wannan ɗango ya ɓace a wancan. Dubi ɗangonmu na biyu:

gu mii naa / zu baa har / ya wan ke / ji kii

Idan *wanke* ta zo gaban suna, wasu sukan ja ƙarshenta, wasu su gajarta. In ka ja, ƙafar Fa'uulun ce cikakkiya. In ka gajarta ta zama v – v, wato Fa'uulu, zihafin da ake kira ƙabli. Ko ta wace hanya ɗangon lafiyarsa lau.

Zihafin da za ka fi cin karo da shi a waƙoƙin Hausa shi ne gaɓa biyu marasa nauyi su dunƙule su zama ɗaya mai nauyi. A Kamil, Mutafaa'ilun sai ta koma – – v –, kamanninta ɗaya da Mustaf'ilun. Nan ne ake rikita Kamil da Rajaz. Maganin abin shi ne ka ci gaba da yankawa: muddin ka ga v v – v – tana fitowa, ko da jefi-jefi ne, waƙar Kamil ce, domin Rajaz ba ya karɓar wannan ƙafa. Haka Mufaa'alatun ta Wafir takan koma v – – –.

Illa kuwa a ƙafar ƙarshe take sauka, kuma in ta zo takan zauna. Ƙafarmu ta huɗu v – ce maimakon v – –, an datse mata gaɓar ƙarshe. Sunan wannan hazfi, kuma ga shi a dukkan ɗangaye shida. Zaɓin marubuci ne tun daga farko.

Karaya ita ce abin da ba zihafi ba, ba illa ba: gaɓa ta yi yawa ko ta gaza, har harshe ya yi tuntuɓe. Da an rubuta "Manomi yana can a cikin gonaki", wannan *a* ɗin da ya karya ɗangon. Gwada rera shi ka ji. In ka tabbatar karaya ce, kuma ba daga mai kwafa ba, faɗe ta ba tare da tsoro ba, ka nuna gaɓar da ta jawo ta.

Mataki na 7: Idan waƙar ta ƙi shiga kowane bahari

Kada ka danna ta da ƙarfi. Marubuta da yawa, musamman daga ƙarni na 20, a kan karin waƙoƙin baka suka ɗora nasu: waƙar makaɗa, ta 'yan mata a dandali, ta daka ko niƙa. Irin waɗannan da bugun kiɗa ake auna su. Ba gaɓa mara nauyi maki ɗaya, mai nauyi maki biyu, ka tara na kowane ɗango, ka buga tafi ka ga inda bugun ke faɗawa. Za ka tarar akwai tsari mai ƙarfi, sai dai ba na Basra ba ne. Na fi girmama nazarin da ya ce "wannan karin gida ne, ga yadda yake tafiya" a kan wanda ya tara zihafi goma don ya laƙaba wa waƙa sunan Larabci.

Mataki na 8: Mai da gini ga ma'ana, sannan ka rubuta

Wanda ya ce "ƙwar biyu ce, ƙafiyarta *ki*, baharinta Mutaƙarab" ya ajiye biro, ya ƙirga tubalin gida ne bai shiga ciki ba. Koma ka tambaya me wannan gini ya yi wa maganar. A waƙarmu, gajeriyar gaɓa ɗaya da dogaye biyu suna tafiya kamar ɗaga fartanya da saukarta, ba sauri ba tsayawa, abin da ya dace da zancen noma. A "Yana son ruwa, ga jiran kwanaki", waƙafin ya faɗo a tsakiyar ƙafa ta biyu, tsakanin *ruwa* da *ga*, sai mai rerawa ya ɗan dakata daidai inda za a ambaci jira. Kalmomin da ke ɗauke da ƙafiyar su ma labari ne a jere: gonaki, jiki, kwanaki, ciki. Daga wurin aiki, zuwa wanda ya sha wahalar, zuwa lokacin da aka jira, zuwa inda amfanin ya ƙare.

Duba kuma ko magana tana ƙarewa a ƙarshen ɗango ko tana kwarara zuwa na gaba, wato gangara, ko ma ta tsallake baiti zuwa baiti, wato saɓi-zarce. A tamu kowane ɗango da numfashinsa yake tsayawa.

Wajen rubutawa, fara da yawan baituka da irin zubin, da yadda aka buɗe aka rufe. Bi da amsa-amo babba da ƙarami da na kari, kowanne da misalinsa. Sai ka kawo ɗango biyu ko uku da ka yanka, da alamominsu a ƙarƙashi, ka faɗi baharin, ka nuna zihafi da illa da lambar baitin da suka fito, yadda mai karatu zai iya ɗaukar waƙar ya rera ya bi sawunka gaɓa bayan gaɓa.